Yadda Ake Ƙera Mota Mai Siffar Ta Da a Garejin Gida

A wannan fitowa, shafin Kimiyya da Fasaha ya ɗauko batun mota. Akwai mutane a duniya da ke ƙera mota da hannunsu a tsakar gida ko a ɗan ƙaramin gareji, su ba ta siffar motocin da ake hawa shekara ɗari da suka wuce. Za mu bayyana yadda ake wannan aiki daki-daki, da haɗarin da ke cikinsa, da kuma abin da ya haɗa shi da mu a Gusau da Tsafe da Bungudu. Muna roƙon 'yan aji uku su karanta har ƙarshe, domin sun kusa zaɓar hanyar da za su bi bayan jarrabawa.

Wace ce motar da?

A shekarar 1886 wani Bajamushe mai suna Karl Benz ya yi rajistar motar da ake ɗauka a matsayin ta farko mai amfani da fetur. Ƙafa uku gare ta, kamar Keke Napep. Daga 1908 zuwa 1927 kamfanin Ford na Amurka ya ƙera wata mota mai suna Model T har sama da miliyan 15. Injinta ƙarfin doki 20 ne kacal, kuma gudunta bai cika wuce kilomita 70 a awa ba. Ta farko-farko da hannu ake tayar da ita, a murza wani ƙarfe a gabanta, kamar yadda ake tayar da injin niƙa.

Motocin shekarun 1920 da 1930 suna da kamanni da ba a ɓata su. Hancinsu dogo ne, lagireto a tsaye a gaba, fitilu zagayayyu kamar kwanon sha. Marufin taya yana waje da jikin motar, akwai matakalar ƙafa a gefe, tayoyin kuma sirara ne masu tsinkaye irin na keke. Da yawa rufin tamfol gare su, ana naɗe shi idan an ga dama.

Na asalin sun yi ƙaranci, suna da tsada, kayan gyaransu ma sai an sha wahala. Birkinsu kuma ba shi da ƙarfi. Model T ko birkin gaba ba ta da shi. Shi ya sa masu sha'awa suke ƙera sabuwa: a waje siffar da, a ciki kuwa inji da birki na zamani.

Su wa suka taɓa irin wannan aiki?

Kada wani ya ce sai Turawa. A 2007, Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Fizik a Jami'ar Bayero ta Kano, yana da shekara 24, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a gida. Ya yi amfani da tsohon injin Honda Civic mai ƙarfin doki 133 da tarkacen motoci da na babura. Aikin ya ɗauke shi wata takwas, jirgin kuma ya ɗaga sama kimanin ƙafa 7. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya fara da cire injin fetur daga ƙananan motocin bas yana sa musu batir da injin lantarki. Daga baya kamfaninsa ya ƙera bas mai kujera 12 tun daga tushe. A ƙasar Ghana, a 2020, wani ɗalibin ƙaramar sakandare, Kelvin Odartey, ya yi suna da motar da ya haɗa da tsofaffin ƙarafa da injin babur.

Akwai kuma Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, wanda aka haifa a 1966. Tun yana yaro yake zanen motoci. Ya yi karatu a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, ya wuce birnin Detroit na Amurka, ya yi aiki da kamfanin General Motors, inda ya zana siffar motar Chevrolet Volt. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar tsara da bunƙasa ƙera motoci ta Najeriya. Mu tuna cewa kafin 1 ga Oktoba, 1996, Zamfara na cikin Jihar Sakkwato, wato shi ɗan gida ne.

Mataki na ɗaya: zane

Ba a fara mota da guduma. Da fensir da rula ake farawa. Mai ƙira zai zana motar ta gefe, ta gaba, da ta sama, kowane zane da awonsa. Ana rage girma da ma'auni. Idan aka ɗauki 1 bisa 10, motar da tsawonta mita 4 ne za ta zama santimita 40 a takarda. A nan ake yanke shawarar mutum nawa za ta ɗauka, ina inji zai zauna, da nisan da ke tsakanin tayar gaba da ta baya. Bayan zane, sai a yi 'yar ƙarama da kwali a duba ta ko'ina. Kuskure a kwali asarar kwali ce kawai. Kuskure a ƙarfe kuwa asarar kuɗi ce da lokaci.

Mataki na biyu: shasi

Shasi shi ne ƙashin bayan mota. A kansa ake ɗaura inji da tayoyi da bodi. Hanya biyu ce. Ko dai a sami tsohuwar mota a cire bodinta a yi amfani da shasinta, ko kuma a yanko ƙarafa masu kauri a yi waldar sabo, mai kama da tsani.

Hanya ta farko ta fi sauƙi, ta kuma fi aminci, domin injiniyoyi sun riga sun auna komai. Amma ba kowace mota ce ta dace ba. Golf da Corolla da muke gani suna jigila a hanyar Funtuwa, bodinsu da shasinsu abu ɗaya ne. Idan aka yanke rufin irinsu, motar ta rasa ƙarfinta, kamar a cire wa ɗaki azara. Waɗanda suka dace su ne masu shasi daban, irin tsohuwar Landiroba da Hilux. Volkswagen Beetle, mai siffar kunkuru, ita ce ta fi shahara a wannan aiki, domin noti ne ke riƙe da bodinta, ana kwancewa a ɗage shi gaba ɗaya. An ƙera ta sama da miliyan 21 tsakanin 1938 da 2003, an kuma riƙa haɗa ta a Legas daga 1975. A 1964 wani Ba'amurke, Bruce Meyers, ya fito da motar yawo a rairayi mai suna Meyers Manx, wadda aka riƙa ɗora bodinta a kan gindin Beetle.

Mai yin sabon shasi dole ya tabbatar bai karkace ba. Dabarar ita ce irin ta magina: a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta ta ƙetare, a sake auna ɗaya ɓangaren. In awon biyu ya zo daidai, shasi ya miƙe. In bai zo ba, motar za ta riƙa tafiya a kaikaice tana cin taya. Ana kuma sa tokara mai siffar alwatika a kusurwoyi, domin alwatika ba ta lanƙwashewa da sauƙi kamar murabba'i.

Mataki na uku: inji da giya

Yawancin injinan fetur aiki huɗu suke maimaitawa. Fistin ya sauka ya zuƙo iska da mai. Ya hau ya matse su. Fulogi ya ba da tartsatsi su kama da wuta, ƙarfin ya tura fistin ƙasa. Sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi ta salansa. Nikolaus Otto na Jamus ne ya fito da irin wannan inji a 1876. Giya kuma ita ke ba direba zaɓi tsakanin ƙarfi da gudu. Lamba ɗaya ƙarfi ce, ta tashi da hawan tudu. Ta sama kuma gudu ce.

Mai ƙaramin ƙarfi kan yi amfani da injin babur, amma da sharaɗi. Dole motar ta zama marar nauyi, kuma babur ba shi da giyar baya. Injin Keke Napep ya fi dacewa, tunda yana da ribas. Injin ƙaramar mota ya fi duka, sai dai yana bukatar lagireto mai kyau. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, domin a watan Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40. Masu ƙira sukan so siririn hanci don kyau, amma in lagireto ya yi ƙanƙanta ko iska ba ta ratsa shi, inji zai tafasa tun ba a kai Kwatarkwashi ba.

Mataki na huɗu: taya, sitiyari da birki

A nan lissafin aji yake shigowa. Tayar da faɗinta santimita 60 ne, kewayenta 3.14 sau 60 ne, wato kimanin santimita 188. Ke nan za ta juya kusan sau 530 a kowace kilomita. In aka canza girman taya don ta yi kama da ta da, gudun mota da ƙarfin janta duk sun canza.

Ga wani abin mamaki. Idan mota tana shan kwana, tayar waje ta fi ta ciki yin tafiya. A ce ta ciki tana mita 5 daga tsakiyar kwanar, ta waje tana mita 6.5. A rubu'in da'ira, ta ciki za ta yi mita 7.85, ta waje kuma mita 10.2. Bambancin ya haura mita 2. In an haɗe tayoyin baya da sandar ƙarfe guda, ɗaya za ta riƙa jan ƙasa, motar ta ƙi juyawa. Shi ya sa ake sa wani ƙullin haƙoran ƙarfe a tsakiyar aksil, wanda ke barin kowace taya ta juya da nata gudun.

Sitiyari da birki kuwa ba a ƙirƙirar su da ka. Ana ɗauko su cikakku daga motar kamfani, a sabunta abin da ya lalace. Dalili shi ne, in gudu ya ninka biyu, nisan da mota ke ci kafin birki ya tsayar da ita yana ninka huɗu. Motar da ke tsayawa cikin mita 5 a gudun kilomita 30 za ta bukaci kusan mita 20 a gudun kilomita 60. Sannan a ajiye kaya masu nauyi, kamar inji da batir da tanki, a ƙasa-ƙasa. Motar da ta yi tsawo kuma ta yi ƙunci tana saurin kifewa a kwana, kamar babbar motar da aka lafta wa buhuna har sama.

Mataki na biyar: bodi

Wannan shi ne abin da ido ke gani. Da farko ana yin ƙwarangwal da siraran bututun ƙarfe ko katako. Kada a raina katako, domin kamfanin Morgan na garin Malvern a Ingila, wanda ya haura shekara 100, har yau da katako yake yin ƙwarangwal ɗin bodin motocinsa masu siffar da. Sai a ɗora kwali a kan ƙwarangwal a yanke shi daidai, a shimfiɗa kwalin a kan falankin ƙarfe mai kaurin kusan milimita 1, a zana, a yanka.

Motar da tana da sauƙi ta wani ɓangare, domin gefunanta da ƙofofinta kusan a miƙe suke. Wahalar tana wurin marufin taya, mai lanƙwasa ta ko'ina kamar ɓarin ƙwarya. Ana ɗora ƙarfen a kan kututture mai rami ko buhun yashi, a yi ta bugu da guduma a hankali har ya ɗauki siffa. Na dama da na hagu dole su zama tagwaye. Wannan aikin masu gyaran bodi ne, kuma sai an yi shekaru ana koyo hannu yake faɗawa.

Mataki na shida: waya, kujeru da fenti

Batirin ƙaramar mota bolt 12 ne. Daga shi waya ke zuwa fitilu da ham da sigina da abin tayar da inji. Kowane layi sai an sa masa fis, domin in wayoyi suka haɗu, fis ɗin ya tsinke kafin wuta ta kama. Mai kushin zai ɗinka kujeru da rufin tamfol. Dole a sa bel na ɗaure jiki, ko da yake motocin da ba su da shi. Gilashin gaba kuma ba a sa na taga, domin in ya fashe yankan wuƙa yake yi. Na mota yana da siririyar roba a tsakiya da ke riƙe shi.

Kafin fenti, sai an kankare tsatsa, an cike ramuka, an goge har ya yi sumul, an fesa fentin ƙasa mai hana tsatsa, sannan launi. Mai fesa fenti a fili lokacin hunturu, ƙura ce za ta zama adonsa.

Mataki na bakwai: gwaji da takardu

Ana fara gwaji a fili inda babu jama'a, a hankali, a gwada birki kafin a gwada gudu. Kafin hawa titi kuma, doka ta ce sai jami'an duba lafiyar mota sun tabbatar da ingancinta, an yi mata rajista da lamba da inshora. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana sa ido a kan hanya. Lasisin tuƙi kuma sai mai shekara 18. Saboda haka babu ɗaya daga cikinmu 'yan ƙaramar sakandare da ya isa tuƙi, ko da shi ya ƙera motar.

Rigakafi ya fi magani

Gareji wuri ne da ganganci ke jawo asarar ido ko rai. Ga abubuwan da ba a wasa da su:

1. Kada a kalli hasken walda da ido tsirara. Yana ƙona ido, kuma zafin sai bayan awoyi yake tasowa. Baƙin tabarau na kasuwa bai wadatar ba, sai garkuwar walda.

2. Kada a yi wa tankin mai walda don an ga babu mai a ciki. Tururin fetur da ya rage shi ne ke fashewa.

3. Kada a bar inji yana aiki a rufaffen ɗaki. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar guba marar wari da launi, irin wadda ke kashe masu kwana da janareta a ɗaki.

4. Kada a shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita. Sai an tokare ta da abu mai ƙarfi.

5. Ruwan batir yana cin fata da tufafi. In ya taɓa jiki, a wanke da ruwa mai yawa nan take.

Me ya haɗa mu da wannan?

In muka duba da kyau, duk sana'o'in da wannan aiki ke bukata suna nan kusa da mu. Daga Tsafe zuwa Gusau har Bungudu, a bakin babbar hanyar Sakkwato, akwai kanikawa da masu walda da masu gyaran bodi da masu waya da masu fenti da masu faci. Akwai maƙera da suka gaji sarrafa ƙarfe tun kaka da kakanni. Akwai masu narka dalma su zuba a ƙasa ta fito tukunya, kuma da irin wannan dabara ake zuba wasu sassan inji. Amalanken shanu da ke kai taki gona, aksil da tayoyin tsohuwar mota ne a ƙarƙashinsa, an ɗora sabon jiki a kai. Manyan motoci masu bodin katako da ke ɗaukar hatsi ranar kasuwa, kamfani shasi da kai ya yi, bodin kuwa kafintoci da masu walda na gida ne suka yi shi. Wato ɗora sabon bodi a kan shasi ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu.

Ƙannenmu ma masu yin motar kara da ta langa-langa da tayar silifas, matakin farko suke kai. Suna yin shasi, suna sa aksil, wasu har sitiyari mai juyawa suke yi da dogon kara.

Abin da ya rage shi ne haɗa hannu da lissafi. Sau da yawa yaron gareji yana da hannu amma ya bar makaranta, ɗan makaranta kuma yana da lissafi amma yana jin kunyar baƙin mai a riga. Har akwai masu tsokanar abokansu da ke zuwa koyon sana'a bayan an tashi. Wannan tsokana asara ce gare mu duka. Kamfanin Fijo ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, Innoson ya buɗe nasa a Nnewi a 2010, amma har yanzu yawancin motocin da ke titunanmu tsofaffi ne da aka shigo da su daga waje. In masu karatu suka guji guduma, masu guduma suka guji karatu, wa zai canza wannan?

Hanyar karatun ma tana nan a jiharmu. Bayan aji uku ana iya shiga kwalejin koyon sana'a ko ajin kimiyya. Gaba kuma akwai Kwalejin Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda, da Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau a Talatar Mafara. Wannan kira har da 'yan uwanmu mata, domin zane da awo da lissafi ba su san namiji ko mace ba.

Shawararmu

Muna roƙon shugaban makaranta da malaman Fasaha da na Lissafi su amince a shirya gasar ƙananan motoci kafin ƙarshen zango. Kowane aji ya fitar da rukuni na mutum biyar. A yi mota mai siffar da a ma'aunin 1 bisa 10, da kwali ko kara ko gwangwani ko waya, ba tare da walda ko fetur ba. Kowane rukuni ya kawo zanensa mai awo tare da motar. Alƙalai su duba abu uku: ko awon motar ya yi daidai da zane, ko tana tafiya a miƙe in an sake ta a gangare, da kuma kyan siffa. Muna kuma ba da shawarar a gayyato bakanike ɗaya da mai walda ɗaya daga unguwa su zauna cikin alƙalai, mu ji ta bakin masu abin.

Da rarrafe yaro kan tashi. Duk mai son shiga gasar ya ba wakilin Ƙungiyar 'Yan Jarida na ajinsu sunansa. Wanda kuma yake da tambaya ko gyara ya rubuta ya jefa a akwatin ƙungiya, za mu kai wa malamai mu kawo amsa a fitowa ta gaba, in Allah ya so.

Daga wakilan aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida